Barsu Ya Ƙi Abinci

Argungu, Jihar Kebbi.

Zuwa ga ƙanena Sama'ila, a Anacha.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan sallama, ina gaishe ka gaisuwar ɗan'uwa ga ɗan'uwansa, da fatan takardar nan ta iske ka cikin ƙoshin lafiya kai da iyalinka duka. Allah shi kiyaye ku a ƙasar mutane, shi buɗa kasuwa, shi raba ku da sharrin hanya, shi jiƙan iyayenmu da sunka riga mu. Mu nan lafiya muke gwargwadon tsufa, sai godiya.

Uwargidana Laure tana nan da gwiwarta, yau ta saɓe gobe ta kumbura, maganin asibiti kuma ta ce bai fi mata ruwan randa ba. Shinkafar bana ruwa ya ci ta bakin gulbi, ta tudu ce Allah ya bar muna. Albasa mun cire, tana cikin rudu, rumbunta na kara, a fadama ina jiran kasuwa ta ɗaga, ko da yake mutanen gidan nan kullum sai sun ce in sayar, kamar su sunka yi mata ban ruwa. Ɗanka Abbas, wanda na haifa, shina Gwadangaji a Birnin Kebbi da aikinsa na ofis. Tsakaninmu da Birnin Kebbi ba wata tafiya ba ce, amma ganinsa sai da dalili. Maƙwabcina Malam Riskuwa ke rubuta mini wannan, na kuma gaya mishi abin da na faɗi shi zai sa, kada shi tausasa mini magana, don na san halin masu biro.

Abin da ya sa na nemi takarda, karenka ne, Barsu. Na ce karenka don naka ne, ko da ka manta. Ranar da za ka tafi ka ɗaure shi a ƙofar gidana ka ce amana ce ta 'yan watanni kafin ka dawo. Watannin sun zama shekaru, ba ka taɓa aiko ko ƙashi ba. Ka san ni ba mai son kare ba ne, ban kuma ɓoye maka ba. Amma tun da ya koma kwana gindin rudu ba a sake ɗaukar mini albasa ko ɗaya ba, abin da mutanen da nake ciyarwa ba su iya yi mini ba. Kare ne mai kunya, ba ya shiga tsakar gida, ba ya kusantar buta. In na zauna shi zauna nesa kaɗan, in na tashi shi tashi. Haka muke har ran Lahadin da ta wuce.

Ran nan na isa fadama da hantsi ban ji haushinsa ba, shi da ke tarona tun daga kan gona. Na iske shi tsaye bayan rudu ya yi doro, ciki a tsuke, wutsiya tsakanin ƙafafu. Ya nemi kwanciya, ƙirjinsa bai gama taɓa ƙasa ba ya miƙe. Ya zagaya, ya sake gwadawa ta ɗaya gefen, ya sake miƙewa. Can sai shi shimfiɗa ƙafafun gaba, shi kwantar da ƙirji, shi bar baya a sama, shi daɗe a haka ido a buɗe. Masu ban ruwa da ke kusa sunka ce miƙa ce, ƙiwuya ta yi mishi yawa. Na ce musu mai miƙa hamma shike yi shi tashi, ba ya zama cikinta shina haki ba gudu ba rana. Jim kaɗan shi waiwaya shi dubi cikinsa, kamar wani ke kiransa daga can. Na jefa mishi guntun tuwon da na zo da shi, ya shinshina ya kau da kai. Barsu da ke cafe tuwo tun bai sauka ƙasa ba. Sai miyau ke zuba, shina kakarin amai, abin da ke fitowa kumfa ce kawai.

Kafin azahar kowa ya zama likita. Laure ta aiko wai mushe ya ci, a jiƙa mishi kanwa. Kalilu, wanda ka sani, wanda ya ci mini kunya guda a iyakar gona har yau bai mayar ba, ya tsaya daga nesa shina gaya ma wasu, don ba mu magana, wai a daka ƙwayar ciwon jiki irin ta mutane a ɗura mishi. Da wani ya faɗi haka wataƙila da na gwada, amma tun da daga bakinsa ta fito na bar ta inda ta faɗi. Mafi muni, da sunka ga miyau sai anka fara raɗe-raɗin hauka ce, har wani ya tafi ɗauko kulki. Na tsaya gabansa na ce duk wanda zai buge shi sai shi fara da ni. Mahaukacin kare ba ya kaɗa ma mutum wutsiya cikin wahala, ba ya lasar ruwa in an miƙa mishi, wannan kuwa shina yi. Duk masu maganar nan, Sama'ila, ba wanda ya matso kusa da shi. Ka san mutanenmu, a taɓa jaki, a rungumi rago, amma kare sai dai a dube shi daga inda ake tsaye. Ni ma tun da ka bar shi hannuna bai taɓa sauka jikinsa ba. Ran nan na naɗe hannun riga na durƙusa na sa tafina a cikinsa a hankali. Tauri kamar gorar masunta. Ban danna ba, taɓawa kawai na yi, ya yi ƙara ya yage mini baki, abin da bai taɓa yi ba, sa'an nan ya sunkuyar da kai kamar shina ba ni haƙuri.

Na bi inda ya yi amai tun farko, na tona da kara, na ga ɓawon kifi. Nan na ce ƙaya ce. Kai shaida ne maganin ƙaya gadon gidanmu ne, kuma ni Baba ya ba, tun da lokacin da ake koyo kai kana bin 'yan farauta. Daga ƙauyukan bakin gulbi har cikin gari, wanda ƙayar kifi ta maƙale ma a wuya ƙofata ake kawo shi, in yi tofi a ruwa shi sha, in shafa wuya, shi haɗiyi loma, shi tashi shina godiya. Ban taɓa yi ma dabba ba. Na daɗe tsaye ina tunanin ko ya halatta a karanta abin da Baba ya bari a kan kare, ko zai karya maganin ga mutane. Daga baya na jira masu ban ruwa sunka tafi salla, na ja shi bayan rudu inda ba mai gani, na yi mishi yadda nake yi ma kowa. Na murza lomar tuwo mai laushi na tura mishi can ciki don ta wuce da ƙayar. Ya haɗiye don ni, ba don shina so ba. Na koma gida ina cewa gobe zai tare ni a kan gona.

Bai tare ni ba. Washegari na iske ya amayar da lomar, ƙafafun baya na rawa, numfashi gajere-gajere don kada cikin shi motsa. Na ɗaga leɓensa, dasashin da ke ja ya koma fari-fari. Na gitta mishi kara a baki na buɗe in duba wuyan da kyau a hasken rana, sai na hango wani abu na ƙyalli ƙarƙashin harshe. Zaren roba ne, irin wanda muke ɗaura ma mamari, doguwar igiyar nan mai ƙugiyoyi. Ya naɗe gindin harshe ya wuce maƙogwaro. To, kai ma ɗan masunta ne. Wanda ya tashi a bakin ruwa in ya ga zare me zai yi? Na warware shi, na naɗa a yatsa, na ja kaɗan. Ya taho kamar zai fito, sai ya tsaya, ya riƙe. Hannuna ya san wannan riƙon tun ina yaro, haka ƙugiya ke yi in ta zauna a nama. Barsu ya yi wani kuka da har yanzu in na yi shiru ina jinsa. Na saki. Na zauna a ƙasa. Maganin Baba na ƙaya ne, ba a taɓa cewa na ƙarfe ne ba, kada wani shi gaya maka wai ya kasa.

Malam Riskuwa ne ya ce akwai masu yi ma dabba aiki a Birnin Kebbi, ya kira Abbas ya gaya mishi muna tafe. Na shimfiɗa buhu a babban kwando na sa Barsu, munka kai shi tasha a baro. Abin da na gani a tashar garinmu ba zan manta da shi ba. Direban farko ya ce fasinjansa masu alwala ne. Wannan direban da idona na sha ganin ya cusa awaki ƙarƙashin kujera suna fitsari a ƙafafun mutane. Na biyu ɗan Ja'afar ne, wanda na taɓa cire ma uwarsa ƙaya tana kakari kamar za ta mutu, ya dube ni ya ce in yi haƙuri, Baba, ƙa'ida ce. Na ce mishi ranar da sunka kawo ta ƙofata ban nemi ƙa'ida ba. Ina tsaye rana na hawa, kare na haki a kwando, masu shayi na dariya wai tsoho zai kai kare ganin gwamna. Daga ƙarshe wani baƙo mai a-kori-kura da ya yi lodin shinkafa, wanda bai san ni ba ban san shi ba, ya ce in hau baya. Na hau kan buhuna na rungume kwandon. Duk ramin da mota ta faɗa sai Barsu shi yi nishi, ni kuma in ɗaga kwandon sama da hannu don shi rage jin girgiza, har kafaɗuna sunka mutu. Na riƙe ƙarshen zaren a hankali kada shi haɗiye, ba tare da na ja ba.

Abbas na jiranmu bakin titi cikin farar shadda ta zuwa ofis. Da ya ga kwandon ya ja da baya, ya dubi hagu ya dubi dama ko akwai wanda ya san shi. Ya fara cewa da na bari an samo mini wani ɗan kwikwiyo, kare ai ba ya wuyar samu. Na ƙara rungume kwandon. Ya tsayar da keke napep, shi ma mai keken sai da anka sha magana. Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini daɗi ba: da munka isa na tashi ɗaukar kwandon hannuwana sunka ƙi, yaron nan ya cire hula ya miƙa mini, ya sunkuya ya ɗauki Barsu a ƙirjinsa ya shiga da shi, miyau da jini na zuba a shaddar. Abin da anka nema a wurin kuma shi ya ji da shi, ban tambaya ba bai faɗi ba. Wannan bai goge sauran ba, amma na gani.

Likitar mace ce, ba ta kai Abbas shekaru ba. Na so in koma, sai na ga yadda ta sa hannu a cikinsa ba ƙyama, tana mishi magana ƙasa-ƙasa. Ta tambayi yaushe ya fara, yaya shike tsayuwa, me ya amayar, me anka ba shi. Na gaya mata duka ban da tofin, wannan ba huruminta ba ne. Ta ce doron nan da kwantar da ƙirji da waiwayen ciki, haka kare ke faɗin cikinsa na ciwo tun da ba shi da baki, kuma ranar da anka gani ranar ya kamata a kawo shi, ba a ba shi komai ba, ko tuwo ko jiƙo. Ta ce Allah ya taimaka ba a ɗura mishi ƙwayar mutane ba, don ita kaɗai tana iya kashe shi. Na ce Abbas shi maimaita wannan da ƙarfi, in ya zo gida kuma shi faɗe ta inda Kalilu zai ji. Sai ta ga zaren, ta tambayi ko wani ya ja. Na ce an taɓa. Ta dube ni ta ce zare irin wannan ba a ja, ko a baki ya leƙo ko a baya, don yanka shike yi daga ciki. Na ce mata jan da na yi ko ƙaramar karfasa ba zai fito da ita ba. Ba ta yi gardama ba, ta ce sai an buɗe cikin yanzu, kuma ba ta yi mini alkawarin zai tashi ba.

Sunka shige da shi sunka rufe ƙofa. Akwai benci ƙarƙashin dogon yaro, Abbas ya ce in zauna. Na zauna na tashi, na je bakin ƙofa na dawo, na zagaya wurin da anka ɗaure shanun wasu Fulani na sake dawowa, har na lura abin da Barsu ke yi a fadama shi nake yi. Da anka kira salla na yi, na ɗaga hannu, na rasa yadda ake roƙa ma kare. Sai na ce Allah ka san amana ce, kada ka kunyata ni gaban yaron nan Sama'ila. Rana ta karkata kafin likitar ta fito da ƙugiyar a ɗan faranti, da sauran zaren. Ta ce a tumbi ta kafe, ta yaga wuri, ta ɗinke abin da ta iya. Na karɓi ƙugiyar na ƙulle a bakin rawani. Na tabbata daga mamarin Kalilu ta fito, shi ke shanya nasa a bakin gaɓa da sauran kifi a jiki. Da munka dawo gida Laure ta juya ta a hannu ta ce ta yi kama da waɗanda ke cikin kwandona na zaure. Na ce mata duk ƙugiyoyin Argungu kasuwa ɗaya ake sayensu, ta ji da gwiwarta.

Sun riƙe shi can suna mishi ƙarin ruwa ta jijiya, ni kuma na kwana gidan Abbas, inda ko tofar da miyau sai ka nemi wuri. Yanzu mun dawo, shina zaurena a kan buhu. Laure ta yi magana, maƙwabta sun yi, na ce zauren nawa ne. An aske cikinsa, ɗinki tun daga ƙirji har ƙasa, an kuma sa mishi wani abu kamar bokitin da anka fasa ma gindi a wuya don kada shi lashi wurin, masu wucewa na leƙowa suna dariya. Doron ya sauka, cikin ya yi laushi, shina kwanciya a gefe ɗaya shi yi barci, wannan duk na gode ma Allah. Ruwa shina lasa. Amma abinci ya ƙi. Likitar ta ce a fara da abu mai laushi kaɗan-kaɗan, kuma cin nan shi ne alamar cikin ya karɓi ɗinki. In ya ci gaba da ƙi, ko ya sake amai, ko cikin ya sake tauri, in maido shi ba jira, ko da yake ta ce jikinsa ba lalle shi ɗauki wani aikin ba. Na dama kunu, na dafa kifi na tsince ƙayar ɗaya bayan ɗaya da hannuna, na dafa shinkafa ta yi lugub. Shi shinshina, shi dube ni, shi aje kai. Haƙarƙarinsa sun fito ana gani daga ƙofa. Na bar zuwa fadama, albasa na can ba mai tsaro, ban ma san ko tana nan ba. In na fita zuwa masallaci ina sallamewa nake dawowa in duba kwanon, in iske shi yadda na bar shi.

Abu ɗaya na lura. Jiya wani ya wuce ta bayan gida shina fito da baki, Barsu ya ɗaga kai da bokitinsa, kunnuwa a tsaye, har ya yunƙura zai tashi. Da ya ji ba naka ba ne ya koma. Ni ban iya fito ba, haƙoran gaba sun tafi, iska kawai ke fita. Kai ne ka saba mishi da fito kafin ka aje mishi abinci tun shina ɗan kwikwiyo, fiton nan naka mai hawa a ƙarshe da ke hana mutane barcin rana. Ka san tun rasuwar yayarmu Munira ban sake karɓar wayarka ba. Mace ta goye ka, ta rasu, ka yi muna ta'aziyya ta waya kamar baƙo. Ka kira ka kira na ce a ce maka ina gona. Wannan maganar tana nan inda take, ban janye ta ba, kada ka karanta takardar nan ka ɗauka an wuce wurin. Malam Riskuwa ya ce in yi maka magana da baki a wayarsa shi tura, ya fi sauri, na ƙi. Ya ce to zai ɗauki hoton takardar shi tura maka yau ɗin nan, na ce wannan ruwansa.

Ka gaishe mini da matarka Ummu Hani, ka ce Laure na tambayarta, tana kuma cigiyar man zafin da ta taɓa aiko mata. Ka gaishe da Izzuddeen, an ce ya fi ka tsawo, Allah shi sa shi fi ka zumunci. Ka shafa mini kan Mansura da ban taɓa gani ba. Ka gaida duk mutanen Kabi da ke kasuwar albasa tare da kai. Abbas da iyalinsa na gaishe ku, Malam Riskuwa ma ya ce a sa tasa.

Gobe in an sallame la'asar ka kira lambar da takardar nan ta zo maka da ita. Kada ka tsaya gaisuwa, ba da ni za ka yi magana ba. Ka nemi wurin da ba hayaniyar kasuwa, ka yi mishi fiton nan, ka kira sunansa yadda ka saba. Kwanon zai kasance a gabansa, ni zan riƙe wayar a kunnensa. In ya ci, za ka ji ƙarar kwano. In ka gama da shi kuma ba dole ne ka yi saurin kashewa ba, tun da wayar a hannuna take.

Wassalam. Ni ne yayanka,

Tamba, Argungu.